Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Jami'o'i da Manyan Makarantun Kano: A Daina Sallama Rubutun Malamanmu

Zuwa ga shugabannin jami'o'i da kwalejojin da ke Kano, da majalisun dattawansu, da kwamitocin ƙarin girma.

Assalamu alaikum.

Allah ya gafarta malamai, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne a ɗaya daga cikin makarantun da kuke jagoranta. Na rubuto ne a kan wata 'yar takarda da kusan kowannenku ya taɓa sa wa hannu, da yawa kuma ba su tsaya sun karanta ta ba. Ita ce wadda kamfanin buga mujalla yake turo wa marubuci idan an karɓi maƙalarsa. Tana zuwa ne daidai lokacin da mutum ba shi da ƙarfin ja-in-ja: ya yi wata da watanni yana jiran amsa, masu tantancewa sun gasa masa aya a hannu, ga lokacin neman ƙarin girma ya ƙarato. Sai ya sa hannu, ya yi hamdala, ya tura wa abokai albishir a WhatsApp. Abin da takardar ta ƙunsa kuwa shi ne ya sallama wa kamfanin haƙƙin mallakar rubutunsa ɗungurungum.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar haƙƙin rubutu tsawon rayuwar marubuci da ƙarin shekara 70 bayan ransa, ta kuma ce ba a sallama shi sai a rubuce. Shi ya sa kamfanonin ba sa wasa da takardar nan. Sunan malam zai ci gaba da zama a kan maƙalar, wannan ba mai ƙwace masa. Amma ikon kwafa, da rarrabawa, da ɗorawa a intanet, da sake bugawa a cikin littafi, da fassarawa, duk sun koma wani ofishi a Amstadam ko Landan. Kowane manomi ya san bambanci tsakanin sayar da gona da ba da aronta. Kamfani ba ya buƙatar ya mallaki maƙala kafin ya buga ta, izini kawai yake buƙata, wato aro ya ishe shi. Mu ne muka saba da sayarwa, sayarwar ma da ba a karɓi ko kwabo ba.

Ku dubi yadda cinikin yake tafiya. Albashin malam daga baitulmali yake fitowa. Kuɗin binciken daga TETFund, ko kuma, kamar yadda kuka fi ni sani, daga aljihunsa. Masu tantance maƙalar malamai ne 'yan uwansa, kyauta suke yi, editocin ma da yawansu haka. Kamfani ya tsara shafuka, ya ɗora, ya garƙama kwaɗo. Sannan ɗakin karatu ya shiga neman kuɗin waje domin ɗalibin malam ya samu ya karanta abin da malam ya rubuta. Ribar da Elsevier, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin buga mujallun nan, ke samu takan haura kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigarsa, shekara bayan shekara, abin da 'yan kasuwar Kantin Kwari ba sa ko mafarkinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A teburina nake ganin abin da hakan ke haifarwa. Ɗalibin digiri na biyu zai zo neman maƙala a kan ruwan da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa ke zubarwa. A Kano aka ɗebi ruwan, a Kano aka auna shi, wanda ya rubuta ma yana nan cikin gari, amma shafin ya ce sai an biya dala 30 ko 40. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin maƙala guda ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Shi ɗalibi ma da sauƙi, yana iya zuwa ya tsuguna gaban malam ya roƙa. Likitan da ke babban asibitin Rano ko na Gwarzo fa, da yake son ganin abin da aka gano a kan yara masu sikila ko a kan mashaƙon da ya addabe mu a 2023? Malamin gona a Kura da Kadawa fa, wanda ya ga yadda tsutsar tumatir ta share gonaki a 2016? Waɗannan ba su da katin ɗakin karatun kowace jami'a. Akwai shirin Research4Life, mai buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallu kyauta ko da rahusa, wanda ya faro da ɓangaren lafiya mai suna Hinari a 2002 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kuma taimakawa ƙwarai. Sai dai hukuma ce take rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma kamfanonin ne ke zaɓar abin da za su saka da ƙasar da za su buɗe wa.

Kada mu yaudari juna, kowa ya san inda ɗalibanmu ke zuwa idan sun ci karo da kwaɗo. Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin kamfanoni ba, wanda Alexandra Elbakyan 'yar Kazakistan ta kafa a 2011, shi ne ya rufa wa kundayen digiri da dama asiri. Wata kotu a Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 15 a 2017, a ƙarar da Elsevier ya shigar. Jami'a mai mutunci ba za ta jingina karatun ɗalibanta da ƙofar baya ba. Malaman da ke ɗora maƙalunsu a shafukan masu bincike na ResearchGate da Academia kuma, suna ganin kayansu ne, ya kamata su san cewa Elsevier ya aika wa Academia takardun a sauke tun 2013, ya kuma kai ResearchGate kotu a 2017 tare da Ƙungiyar Masana Kimiyyar Sinadarai ta Amurka, aka ɓoye tarin maƙalu. Marubutan ba su da bakin magana, tunda sun riga sun sayar.

Wani zai ce ai an wuce wannan zamanin, yanzu mujallu sun buɗe ƙofa. Gaskiya ne tun sanarwar Budapest ta 2002 ake ta fafutikar kowa ya karanta bincike kyauta, an kuma ci nasara mai yawa. Amma manyan kamfanonin ba su yi asara ba, kwaɗon kawai suka mayar ɗaya ƙofar: maimakon mai karatu ya biya, marubuci ne zai biya. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala guda a 2021. A 2023 editocin mujallar NeuroImage sama da 40 suka ajiye aiki a lokaci ɗaya saboda kuɗin bugawa na dala 3,450 da suka ce ya wuce kima. Turawa ke nan suke kuka. Akwai rangwame, wani lokacin ma a yafe gaba ɗaya, ban musa ba. Sai dai Bankin Duniya bai sa Najeriya a rukunin ƙasashe mafiya talauci ba, saboda haka a wurare da yawa ragi muke samu, ba yafiya ba, rabin dala 3,000 kuwa ya fi ƙarfin albashin watan shehin malami, balle ƙaramin malami. Daga nan ne mutum ke faɗawa hannun mujallun bogi, masu turo saƙo da tsakar dare suna kiran kowa babban masani, su karɓi 'yan daloli su buga cikin mako guda ba tare da kowa ya duba ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ban kuma cika jin ana ambatonsa ba, shi ne fassara. Ikon fassara yana cikin abin da ake sallamawa. Malamar da ta yi bincike a kan zubar jini bayan haihuwa a asibitocinmu, ta buga da Turanci, idan ta so ta mayar da maƙalar Hausa ta buga domin ungozoma da masu jinya da matan da ta yi hira da su, sai ta nemi izini a kan abin da ta rubuta da hannunta. Za a iya ba ta, za a iya ce mata ta biya, za a iya yi mata shiru. Mu da yawancin mutanenmu da Hausa suke fahimtar duniya, wannan asarar ta fi mana girma a kan Bature, wanda shi daman da harshensa aka buga. Ko a cikin buɗaɗɗun lasisin Creative Commons, wato izinin da marubuci ke ba jama'a su yi amfani da aikinsa, sai an lura. Mai alamar CC BY ya halatta wa kowa ya kwafa, ya rarraba, ya fassara, muddin ya ambaci sunan mai aikin. Mai alamar ND a ƙarshe ya hana yaɗa fassara sai da izini. Malamai da dama ND suke zaɓa, don suna jin tsoron kada a jirkita musu magana, ba su san sun rufe wa Hausa ƙofa ba. Ga Cibiyar Bincike kan Harsunan Najeriya da Fassara da Hikimomin Al'umma a Jami'ar Bayero, ga ɗalibai masu neman abin da za su fassara a kundayensu, ga gidajen rediyo da ke neman abin faɗa a shirye-shiryen lafiya da noma. Abin fassarawar ne a kulle.

Sabon abu kuma ya shigo. A 2024 aka ji cewa Informa, mai kamfanin Taylor & Francis, ya ƙulla ciniki da Microsoft na dala miliyan 10 a tashin farko, domin a yi amfani da rubuce-rubucen da ke hannunsa wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Kamfanin Wiley ma ya yi irin wannan cinikin. Marubuta da yawa a labarai suka ji. Na san buɗaɗɗen lasisi ba ya hana na'ura karanta maƙala. Bambancin shi ne, idan a buɗe take, na'ura ta karanta, ɗalibin Kumbotso ma ya karanta. Idan a kulle take, kamfani ya sayar wa na'ura ya karɓi kuɗi, ɗalibin kuma yana waje.

Wasu abokan aiki kan ce mini ai ilimi na Allah ne, me ya kawo maganar mallaka, mu dai a amfana. Niyyar tana da kyau, kuma ita ce tarbiyyar garin nan, inda almajirai suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwafar littattafai da hannu, ba wanda ya hana su, sharaɗin kawai kada a goge sunan mawallafi. Amma majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san ba a yin waƙafi da abin da ba a mallaka ba. Wanda yake son rubutunsa ya zama sadaka mai gudana, sai ya fara riƙe shi a hannunsa tukuna. Wanda ya sallama wa kamfani bai yi waƙafi ba, kyauta ya yi wa mai kuɗi.

To me ya sa ban rubuta wa malaman kai tsaye ba, na rubuto muku? Domin ƙaramin malami shi kaɗai ba zai iya ja da kamfanin da ke da lauyoyi a nahiya uku ba. Idan ya ce a gyara sharaɗi, tsoro yake kada a janye maƙalar. Makaranta ce za ta tsaya masa, akwai kuma hanyar da aka gwada. A watan Fabrairun 2008 malaman tsangayar fasaha da kimiyya ta Jami'ar Harvard suka kaɗa ƙuri'a cewa kowane malami ya ba jami'a izini, wanda bai hana shi ba wa wani ba, na ta adana maƙalunsa ta kuma buɗe wa jama'a. Hikimar ita ce izinin jami'a ya riga takardar kamfani zuwa, saboda haka duk abin da malam zai sa wa hannu daga baya, ya tarar da wancan a gabansa. Wanda ya ga wata mujalla ta kafe, yana iya neman a ɗage masa a kan wannan maƙalar kaɗai. Jami'ar Nairobi ta kafa nata tsarin buɗe bincike a 2012. Masu ba da kuɗin bincike na Turai da suka fito da shirin buɗe bincike na Plan S a 2018 sun ɗora wa duk wanda suka ba kuɗi irin wannan sharaɗin. Jamus tun 2014 da Faransa tun 2016 a cikin doka ma suka saka shi, cewa binciken da aka yi da kuɗin jama'a marubucinsa na da ikon buɗe shi bayan 'yan watanni, ko me ya sa wa hannu. Tsari irin na Harvard ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Malaman tsangayar shari'a su tsara shafi ɗaya da ya dace da dokarmu, majalisar dattawa ta amince, a sanar da kamfanonin a rubuce.

Abin da za a adana shi ne kwafin ƙarshe da marubuci ya tura bayan ya yi gyaran masu tantancewa, kafin kamfani ya tsara shafukansa. Kamfanoni da yawa ma sun yarda a ɗora wannan kwafin, wasu nan take, wasu bayan wata 6 ko 12 ko 24. Abin takaici, shi ne kwafin da malamai suka fi yarwa. Idan na tambaya sai a ce yana cikin tsohuwar kwamfutar da ta lalace. Shugabannin sassa za su iya magance wannan da jimla ɗaya a taron sashe.

Rumbun ajiyar kuma, wato shafin intanet da jami'a ke ɗora maƙalun malamanta, ba abin tsoro ba ne. Manhajar DSpace da ake kafa shi da ita kyauta ce, Jami'ar Jos ta buɗe nata tun 2009, Jami'ar Ahmadu Bello na da nata mai suna Kubanni. Wahalar ba ta kafawa ba ce, ta cikawa ce, da wutar lantarki, da ma'aikacin da ba za a ɗauke shi a kai wani ofis bayan wata uku ba. Jami'ar Liège ta Beljiyam ta warware matsalar cikawa cikin sauƙi: shugabanta Bernard Rentier ya sa aka ce kwamitin ƙarin girma ba zai dubi kowace maƙala ba sai wadda ke cikin rumbun jami'a. Rumbu ya cika. Mu a nan malami kan kashe kuɗi wajen masu fotokwafi, ya ɗaure maƙalunsa ɗauri-ɗauri a aika wa masu tantancewa na waje, bayan an gama a jibge su a sito, gara ta samu abinci. Da a rumbu aka ce ya saka, da aikin ɗaya ya yi amfani biyu.

Tunda na ambaci kwamitocin ƙarin girma, ranku ya daɗe, a gaskiya makullin yana hannunku. Malami inda maki yake nan yake bi. Idan takardar ƙa'ida ta ce maki mai tsoka sai mujallar da ke cikin Scopus, kundin jera sunayen mujallun da aka tantance, to a tuna Scopus ɗin na Elsevier ne, wato mun ba ɗan kasuwa alƙalancin wanda zai zama shehin malami a Kano. Ban ce a yi watsi da shi ba, ya taimaka wajen tace mujallun bogi, kuma mai binciken kimiyyar sinadarai dole ya yi gogayya da duniya. Amma sanarwar San Francisco ta 2012 a kan auna bincike, wadda jami'o'i da dama suka sa wa hannu, cewa ta yi a karanta aikin, kada a tsaya a sunan mujallar. Wanda ya rubuta maƙala da Hausa a kan waƙoƙin fada, ko da Larabci a kan malaman Madabo, wace mujallar Scopus za ta karɓe shi? Masu iya tantance aikinsa suna nan Kano da Zariya da Sakkwato. Kundin DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, yana tantance buɗaɗɗun mujallu, kuma mafi yawan waɗanda ke cikinsa ba sa karɓar kuɗi daga marubuci. Ya cancanci a ambace shi a takardun ƙa'idarku.

Sai mujallunmu na gida, waɗanda laifinsu namu ne, ba na Bature ba. Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Harsunan Nijeriya da Kano Studies da Algaita sun ɗauki ayyukan da duk mai nazarin Hausa a duniya yake nema, mujallar kimiyya ta BAJOPAS kuma tana kan AJOL, dandalin mujallun Afirka da aka fara a 1998, inda kowa ke iya samunta. Amma mujallun sassa da yawa a makarantunmu har yanzu 'yan kwafi ake bugawa, marubuci ya biya kuɗin dubawa, ya biya na bugawa, a ba shi kwafi ɗaya, sauran su tsufa a kabad ɗin shugaban sashe. A shafin farko kuma an kwafo gargaɗin nan na kamfanonin waje, cewa ba a yarda kowa ya kwafi ko layi ɗaya ba sai da izini. Izinin wa? Editan ya yi ritaya, fayil ɗin ya tafi da kwamfutarsa. Mun kwaikwayi kwaɗon, ba mu samu ribar ba. Barazil ta kafa dandalin mujallu na SciELO a ƙarshen shekarun 1990 da kuɗin hukuma, marubuci ya buga da harshensa, mai karatu bai biya ba, yau ƙasashen Latin Amurka sun yi wa kowa nisa a wannan hanya. Manhajar OJS ta tafiyar da mujalla kyauta ce. Tallafin da TETFund ke bayarwa na buga mujallu, da za a karkata wani kaso daga takarda da tawada zuwa ga ma'aikaci ɗaya ƙwararre da wurin ajiya mai aminci, da kowace tsangaya ta samu mujallar da ba ta karɓar kuɗi daga kowa. A goge wancan gargaɗin, a rubuta cewa haƙƙin na marubuci ne, ya ba mujalla izinin fara bugawa a ƙarƙashin CC BY.

Tsofaffin fitowar su ne ke buƙatar gaggawa. Ɗaukar hotonsu da na'ura aikinmu ne na ɗakin karatu, za mu iya, ɗalibai masu sanin makamar aiki ma za su taimaka. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin maƙalun shekarun 1970 da 1980 ba a rubuta wata yarjejeniya a kansu ba, tunda kuwa ba a sallama haƙƙi sai a rubuce, yana nan a hannun marubutan ko magadansu. Kafin a ɗora a intanet sai an nemi yardarsu. Neman sa hannun dattijo ɗaya a gidansa a Gwale ko Rijiyar Zaki aikin yamma guda ne. Idan ya rasu, ya zama neman yardar magada goma sha, wasu a Abuja, wasu a Jidda. Ina roƙon kowace tsangaya ta fitar da sunayen tsofaffin malamanta da ke raye, a tsara takardar izini gajeriya da Hausa da Turanci, a tura wanda suke jin nauyinsa ya kai musu kafin ƙarshen wannan zangon karatu.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin karatu,
Kano.